Wai ni ne ban iya shan shayi ba

To na karanta duk abin da kuka rubuta a ƙarƙashin hoton da na saka jiya na farar shaddata da shayin da na saya a kofi mai murfi ya zube mata, masu dariya da masu "Allah Ya kiyaye gaba", har da wanda ya ce in koma sha a kwanon sha tunda ni baƙauye ne. Na gode, Allah Ya bar zumunci. Amma wallahi maganar da ta fi shayin ƙona ni ita ce ta masu cewa "ai da sai ka cire murfin". In cire murfin? A cikin Adaidaita Sahu, a titin da ramukansa sun fi kwaltarsa yawa, da kofi cike da ruwan zafi a hannuna da farar shadda a jikina zan je ɗaurin aure, shawararku kenan in cire murfi. Lallai kuna ƙaunata.

Ni dai magana ɗaya nake yi kuma ba zan sauka daga kanta ba: wanda ya sayar min da shayin nan bai taɓa kai wannan murfin bakinsa ba. Da ya taɓa ko sau ɗaya da bai ba ni ba. Naira 2,500 fa na biya, an ƙawata waje da fitilu, an ɗinka wa yara riguna iri ɗaya, an buga tambari a jikin kofi har da wata 'yar magana da Turanci, amma abu ɗaya tak da zai taɓa leɓen kwastoma shi ne aka je kasuwa aka ce a ba ni kwalin da ya fi araha.

Da na dawo gida sai da na wanke murfin na zauna ina juya shi, matata tana min kallon wanda ya fara taɓuwa. Kun san 'yar mitsitsiyar hudar nan kamar ta allura da ke can ɗaya gefen, nesa da inda ake sa baki? Yawancinku kun ɗauka ado ne. To ta nan iska ke shiga ta maye gurbin abin da ka zuƙe, in babu ita shayin ba zai taho a hankali ba, sai ya tsaya, ya tsaya, sannan ya ɓalle gaba ɗaya. Wannan ilimin ko mai shayin bakin layinmu yana da shi, shi ya sa in zai fasa gwangwanin madarar ruwa huda biyu yake yi, ɗaya ta zuba ɗaya ta iska, ba wanda ya kai shi jami'a. To nawa murfin akwai alamar hudar amma ba ta ɓule ba, na ɗaga shi saitin fitila ko haske bai wuce ba. Na zuƙa shiru, na ƙara karkata kofi shiru, na ƙara, sai ji na yi ya taho min har haɓa. Sannan yarinyar shagon da ta rufe kofin ta ɗora wajen shan daidai kan layin da aka manne takardar kofin, alhali nan ne bakin kofi ke da ɗan tudu, murfi ba ya zama daram a wajen, ta nan yake ɗiga ya bi yatsunka ya sauka a gaban riga. Ba na ganin laifinta, ba a koya mata ba, wanda zai koya matan ma bai sani ba, saboda bai taɓa sha da shi ba.

Kuma kar wani ya ce min ai murfi murfi ne. Akwai mutanen da suka zauna suka ɓata shekaru a kan wannan 'yar robar. Wani Ba'amurke Jack Clements shi ya zana wa kamfanin Solo murfin da ake kira Traveler, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1986, ku je ku duba irinsa: wajen sa baki ya ɗago sama yadda leɓe zai kama shi kamar bakin kofi, a bayansa an yi kwari inda leɓen sama zai zauna, in ma wani abu ya fantsalo nan zai taru maimakon cinyarka, ga hudar iska a ɓule. Mutumin nan bakin ɗan Adam ya kalla kafin ya yi zane. Yau murfin yana ajiye a gidan kayan fasaha na MoMA da ke New York, murfin shan gahawa fa, cikin kayan da ake zuwa kallo. Akwai kuma wasu masu zanen gine-gine su biyu, Louise Harpman da Scott Specht, da suka tara murafu sama da 500 iri daban-daban har cibiyar gidajen tarihi ta Smithsonian da ke Amurka ta karɓi wasu daga ciki ta adana, wani ɓare shi ake yi, wani dannawa, wani hudawa, wani ɗora leɓe kawai. Wato an gama wannan wahalar tun kafin a haifi rabin masu yi min dariya, abin da ya rage wa ɗan kasuwarmu kawai ya zaɓa, ya zuba ruwan zafi ya kurɓa ya ji. Shi ne ya gagara.

Ku kuma 'yan "cire murfi", ku zo nan. A 1992 wata tsohuwa Stella Liebeck mai shekara 79 ta sayi gahawa a McDonald's a garin Albuquerque na Amurka, jikanta ne ke tuƙi, ya ma tsayar da motar, ta sa kofin tsakanin gwiwoyinta ta ja murfin don ta zuba madara da sukari, kofin ya kife mata a cinya. Zafin gahawar tsakanin digiri 82 zuwa 88 ne a ma'aunin Selshiyos, ta ƙone ƙuna mai tsanani, kwana 8 ta yi a asibiti har sai da aka yi mata dashen fata. Dala 20,000 ta nema na magani kamfanin ya ce 800 zai bayar, da aka je kotu a 1994 masu taya alƙali yanke hukunci suka ɗora wa kamfanin tarar dala miliyan 2.7, alƙali ya rage, daga baya suka sasanta. Duniya ta yi ta mata dariya wai ta kai ƙara don gahawa ta yi zafi, kamar yadda kuke min yanzu. Mota a tsaye kenan fa. Ni kuma kuna so in yi a Adaidaita Sahu da ɗan sahun da ke jin kansa kamar direban jirgi.

Sai masu hikima, "Malam ana fama da tsadar rayuwa kai kana maganar murfi". Eh ina yi. Shafina ne. Kuma tsadar rayuwar ce ma ta sa nake yi, don in kuɗi ya yi wuyar samu to wanda ka fitar ya kamata ya biya maka buƙata, ba ka sayi shayi ka ƙara da kuɗin wanki ba. Wani kuma ya ce ai daga waje ake shigo da su ba laifin mai shago ba ne. To masu kyan daga ina ake shigo da su, daga sama? Kwali ɗaya ne kusa da ɗaya a shagon dila. Kofunan nan bakinsu ma awo gare shi, akwai mai milimita 80 akwai mai 90, amma sai ka ga an sayi kofi a wani waje murfi a wani waje ana dannawa da ƙarfin tsiya, in ya ƙi zama a naɗe shi da salatif a miƙo maka ana murmushi. Har na taɓa ganin an rufe shayi mai tururi da murfin nan garai-garai na kayan sanyi, wanda in ka duba za ka ga lamba 1 a cikin 'yar alamar nan mai kusurwa uku, robar da ba ta jure zafi, kafin a kai mota ya lanƙwashe. Duk wannan kurɓa ɗaya za ta nuna maka shi. Ɗaya tak. Ba sa kurɓa.

Kar ma a zo maganar fura. Yanzu kowa ya koma sayar da fura da yogot a kofin roba mai murfi kamar hular kwano, madalla, ci gaba ne, ina so. Amma dan Allah wa ya ce a ba mutum fura mai gudaji da kwakwa da dabino sannan a haɗa shi da siririn tsinken shan lemo? Ka zuƙa har kunnenka ya toshe, idonka ya yi ja, gudaji ɗaya ya tsaya a tsakiya kamar tirela ta lalace a kan gada. Mutanen Taiwan da suka ƙirƙiro shayinsu mai 'yan ƙwallayen garin rogo a ciki, da suka ga ƙwallayen ba sa wucewa sai suka faɗaɗa tsinken, magana ta ƙare. Starbucks, kamfanin sayar da gahawa na Amurka, da suka ce a 2018 za su daina ba da tsinken roba sai da suka sake wa murfin kayan sanyinsu fasali ya zama mai ɗan baki da ake kurɓa kai tsaye, mutane suka yi ta tsokana wai kofin yara ne aka ba manya, amma dai ana sha lafiya. Kowa yana gyara murfi ya dace da abin da ke cikin kofi, mu kuma mun ɗauko furar kakanninmu mun cusa ta a kayan da aka yi don lemon kwalba muna jira ta saba.

Tsakani da Allah, in na bar wasa, abin yana taɓa ni ne saboda mu ba baƙin wannan tunanin ba ne. Ku tuna ludayi. Duma ne aka raba biyu, amma duba yadda bakinsa ke zama a leɓe, ya ɗebo ruwan furar da gudajinta tare, ga mariƙi daidai hannu, in an gama a ja faifai a rufe ƙwarya ƙuda bai samu ba. Wanda ya fafe ludayin da irinsa yake sha a gidansa, shi ya sa bai taɓa yin wanda zai yanki baki ba. Kuma ni da nake da ƙarfina abin ya tsaya a shadda. Baffana da hannunsa ke rawa, in na kai masa irin wannan kofin yana kwance fa? Ko yaron da uwarsa ta miƙa masa a bayan mota? A nan ne abin ya daina ba ni dariya. Ba na neman a rufe wa kowa shago, kuma masu tambaya ta inbox wane waje ne ku haƙura ba zan faɗa ba, matasa ne ke neman na kansu. In kana sayar da abin sha, yau in an tashi ka haɗa kofi ɗaya yadda kake ba mutane, ka rufe, ka shiga Adaidaita Sahu da farar riga ka sha.

Af, shaddar kuma tana wajen mai wanki, ya ɗaga ta ya kalla ya ce "Alhaji wannan da madara ne ko baƙi?" na ce da madara, ya girgiza kai ya ce sai dai a gwada. Wasu sun ce lemon tsami, wasu sun ce kar in yarda a sa mata bilic zai kashe ƙyallin, wata Hajiya ta ce da tun a lokacin na jiƙa ta a ruwan sanyi, to Hajiya a wajen ɗaurin aure zan tuɓe? Haka na tsaya a sahun baya na rufe ƙirji da hannu kamar mai karanta alƙawarin ƙasa, kuma angon da na sha duk wannan wahalar dominsa har yanzu bai kira ya ce ya gan ni ba, ko a hotunan da ya saka babu ni. Telan da ya ɗinka ta ma sati 3 ya riƙe min ita, shi nasa rubutun daban ne, yana nan tafe.