Maganin da ke kiran cutar tumatir da sunanta

Duk wanda ya taɓa ajiye tumatir, ya wayi gari ya ga wani gashi toka-toka ya lulluɓe shi, ya san Botrytis cinerea ko da bai taɓa jin sunan ba. Funfuna ce da ke fara ɓarna tun a gona, ta bi amfanin har inda aka adana shi, kuma ba tumatir kaɗai take ci ba, ɗaruruwan tsirrai ne abincinta. Duniya na noma tumatir sama da tan miliyan 180 a shekara, amma amsar manomi ga wannan cuta ba ta sauya ba: a yi feshi, a sake feshi. Ita kuwa ta goge, don da wuya a kawo wani rukunin magani ba ta koyi bijire masa ba.

Shi ya sa dabarar rufe wa ƙwayar gado baki ta ja hankalin masana. Ƙwayar gado tamkar kundi ce a kulle cikin ɗaki. Ba ta fita aiki da kanta, sai dai a kwafi umarninta a takarda a ba ɗan aike, wato RNA, ya kai wa masu haɗa furotin. In aka tare ɗan aiken a hanya aka yaga takardar, kundin na nan lafiya lau, amma aikin ya tsaya. A 1998 Andrew Fire da Craig Mello suka nuna, a jikin wata ƙaramar tsutsa, cewa RNA mai zare biyu ke tayar da wannan yage-yage. Wani sinadari mai suna Dicer ne ke yayyanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa harafi 21 zuwa 24, sannan gunduwoyin su bi sawun duk saƙon da rubutunsa ya yi daidai da nasu. Aikin ya kai Fire da Mello ga lambar yabo ta Nobel a 2006.

Abin da ya fi burge ni shi ne, funfunar ce ta fara amfani da makamin. A 2013 ayarin Hailing Jin na Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside ya gano cewa Botrytis na tura ƙananan RNA cikin jikin tumatir, su kashe bakin ƙwayoyin gadon da ke kare shi. Shekara uku bayan nan, a 2016, ayarin ya mayar mata da aniyarta: suka shafa wa ƴaƴan tumatir RNA da aka tsara don ya toshe ƙwayoyin gadon Dicer guda biyu na funfunar, waɗanda da su take ƙera ƙananan RNA ɗinta, ta tsotse shi da kanta, ruɓewar ta ragu ƙwarai.

Hanya biyu ce a gaba. Ko a sauya halittar tumatirin ya riƙa haɗa RNA ɗin a jikinsa, ko a haɗa shi a masana'anta a fesa. Ta farkon ba baƙuwar tumatir ba ce, domin Flavr Savr, amfanin gona na farko mai sauyayyar halitta da ya shiga kasuwar Amurka a 1994, tumatir ne da aka rage wa wata ƙwayar gado murya don kada ya yi saurin lugwigwita. Bai kai ko'ina ba, cikin ƴan shekaru ya ɓace. Ni dai ina bayan feshi. Ba ya taɓa irin, manomi na riƙe da wanda ya saba shukawa, kuma in cutar ta sauya salo, sauya rubutun maganin ya fi sauƙi a kan a koma a ƙirƙiro sabon iri. Ga shi RNA ba ya daɗewa a ƙasa, cikin ƴan kwanaki ƙananan halittu ke narkar da shi.

To amma ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Maganin nan sai funfuna ta sha shi zai yi aiki, kuma ba kowace ce ke sha ba. Binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna Botrytis da Verticillium dahliae na tsotsa sosai, Phytophthora infestans mai ƙone ganyen tumatir da dankalin turawa kaɗan take ɗauka (ita dama ba funfuna ba ce ta asali, kama kawai suke yi), Colletotrichum gloeosporioides kuwa ko ɗanɗanawa ba ta yi. Sai kuma Fusarium mai sa yaushi, wadda ke shekaru a cikin ƙasa, ta shiga ta saiwa ta toshe hanyar ruwan shuka. Isar da magani gare ta daban yake da wanke fuskar ganye. Ma'ana, manomin da ya ga ganye ya ɗiga baƙi ko shuka ta yi laƙwas, dole a gane masa wace cuta ce kafin ya buɗe kwalba. Tsohon magani jifa ne cikin taro, duk wanda ya samu ya samu. Wannan kuwa mutum ɗaya yake nema, in ba shi ba ne kuɗin ya tafi a banza.

Rana da ruwan sama ma suna cinye RNA ɗin da aka fesa da wuri. A Jami'ar Queensland ta Ostareliya, Neena Mitter da abokan aikinta sun ɗora RNA a kan ƙananan ɓarɓashin yumɓu da suka kira BioClay, wanda a gwajin 2017 ya kare shuka daga bairos na tsawon kwana 20. Ci gaba ne, kuma ina ganin wannan matsala ce da za a shawo kanta.

Wadda ta fi damuna ita ce bijirewa. Feshin RNA na farko da hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince da shi, a Disamban 2023, shi ne Calantha, kuma na ƙwaron dankalin turawa ne, ba na funfuna ba. Daga ƙwari aka fara ganin gargaɗi. A 2018 an samu tsutsar saiwar masara da ta bijire a ɗakin gwaji, kuma ba rubutun saƙonta ta sauya ba, cikinta ne ya rage tsotsar RNA baki ɗaya. Sauya rubutun maganin bai amfana komai ba a nan, ƙofar ce ta rufe. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa: funfunar da ta gagari rukuni-rukuni na magunguna ba za ta rasa irin wannan dabara ba idan aka dimance ta da abu ɗaya kaka bayan kaka.

Don haka hukumomin da ke ba da lasisi su sa sharuɗɗa tun kafin kayan su cika kasuwa. A rubuta sunan cutar da maganin ke kamawa ƙarara a jikin kwalba, har da waɗanda ba ya kamawa. A gwada rubutunsa da na funfuna masu amfani irin su Trichoderma, tunda harafi 21 da suka zo daidai sun isa su taɓa wanda bai ji ba bai gani ba. A ƙayyade sau nawa za a fesa a kaka guda, a riƙa karɓa-karɓa da wasu magunguna. Sauran aikin na nan a wuyan manomi: ba shuka tazara iska ta ratsa, tsince ruɓaɓɓun ganye, shayarwa daga gindi, da hutar da gonar da Fusarium ta zauna a ciki.