Yawon gidajen giya a Munich: ni dai ga inda na tsaya

Jama'a bari yau in taɓo wata magana da ƙannenmu masu zuwa Jamus karatu ko aiki suke yawan tambaya a ɓoye amma ba sa son a ji su a fili. Mutum ya sauka Munich ko wata biyu bai yi ba sai ya ga saƙo daga sashensu na jami'a ko daga ofis, wai ranar Juma'a da yamma za a fita yawon giya, an ɗauko jagora, an ma biya wa kowa kuɗin tikiti, a haɗu a dandalin Marienplatz. To sai bawan Allah ya rasa yadda zai yi, in ya ce ba ya zuwa a ce ba ya son mutane, in ya je kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Da farko dai ga yadda abin yake, don na lura mutanenmu na gida da sun ji an ce yawon mashaya sai su ɗauka wasu 'yan tasha ne ke tangaɗi a titi suna faɗawa kwata. Ba haka ba ne, aƙalla ba da farkon dare ba. Kamfanonin yawon buɗe ido ne ke shirya shi, a tara mutum goma zuwa ashirin, yawanci baƙi daga Amurka da Ingila da Ostireliya da Asiya, da jagora ɗaya a gaba, a taka da ƙafa awa uku ko fiye cikin tsohon gari, a tsaya gidan giya uku ko huɗu. Kowane gida a kawo ɗan ƙaramin gilashi a ce ku ɗanɗana, wannan ta alkama ce, wannan fara ce, wannan baƙa ce, jagora na tsaye yana ta zuba bayani kamar malamin tarihi a aji. Kuma maganar gaskiya tarihin ne suke sayarwa, giyar ai kana iya sayenta a kowane kanti da kuɗin da bai kai na ruwan kwalba a gidan abinci ba.

Tarihin kuma ba ƙarya ba ne, nan ne nake saɓawa da 'yan uwanmu masu cewa ai duk shirme ne babu abin koyo. Haba malam. Garin nan ba ka fahimtarsa in ka cire giya daga labarinsa, ko kana so ko ba ka so.

Ɗauki dokar 1516. Sarkin Bavariya, yankin da Munich take, Wilhelm na Huɗu ya kafa ta a garin Ingolstadt, ya ce ba a yin giya sai da abu uku, ruwa da sha'ir da wani tsiro mai ɗaci da suke kira hop. Jagora zai gaya maka wai dokar tsaftar abinci ce mafi daɗewa a duniya, yana faɗa yana buga ƙirji. Abin da ba kowane jagora ke tsayawa a kai ba shi ne dokar ta ƙayyade farashi, sannan ta hana masu giya taɓa alkama don kada su cinye ta masu gasa burodi su rasa. Wato maganar yunwa ce da kasuwa. Daga baya kuma gidan sarautar da ya hana talaka yin giyar alkama shi ne ya riƙe sana'ar a hannunsa shi kaɗai yana kwasar kuɗi, sai a 1872 suka sayar wa wani mai suna Schneider izinin yi. Mai doka ya hana kowa ya ware kansa, wannan kam ba sai an yi mana fassara ba.

Wani abin da ya fi burge ni ma shi ne labarin sanyi. A da an hana dafa giya a Bavariya lokacin zafi, daga 23 ga Afrilu zuwa 29 ga Satumba, saboda tana lalacewa. Sai masu sana'ar suka riƙa dafa mai ƙarfi a watan Maris su haƙa manyan ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa su jibge ta da ƙanƙarar da suka sassaro lokacin hunturu, a sama kuma su shuka bishiyoyi masu faɗin ganye don inuwa ta hana ƙasar ɗaukar zafi. Mutane suka fara zuwa saye a bakin ramin suna zama ƙarƙashin bishiyar suna sha, masu gidajen abinci na cikin gari suka yi ƙara cewa ana kashe musu kasuwa, sai Sarki Maximilian na Ɗaya a 1812 ya raba gardama, ya ce ku sayar da giya da burodi amma ban da sauran abinci. Shi ya sa har gobe a lambunan giyan Munich na gargajiya kana iya zuwa da abincinka daga gida ka shimfiɗa a tebur babu mai ce maka uffan. Kuma wannan neman sanyin ne ya sa kamfanin giya na Spaten ya ɗauki nauyin wani injiniya Carl von Linde ya ƙera musu injin sanyaya a shekarun 1870, wanda yana cikin kakannin firijin da kake saka zoɓo da ruwan leda a ciki yau. Ka ga wannan ilimi ne, wanda ya ce ba ilimi ba ne gardama kawai yake so.

Sai kuma ɓangaren duhu. Duk yawon da aka yi sai an biya ta Hofbräuhaus, gidan giyar da Sarki Wilhelm na Biyar ya kafa a 1589, wanda har yanzu mallakar gwamnatin jihar Bavariya ne, eh gwamnati ce da kanta ke da kamfanin giya. A babban zauren sama na gidan nan ne Hitler ya karanta manufofi 25 na jam'iyyarsa ta Nazi ranar 24 ga Fabrairun 1920. A wani gidan giyar kuma, Bürgerbräukeller, ya harba bindiga sama ranar 8 ga Nuwamban 1923 ya ce ya yi juyin mulki, washegari suka yi maci zuwa dandalin Odeonsplatz 'yan sanda suka buɗe musu wuta, mutanensa 15 suka mutu da 'yan sanda 4. A wannan zauren dai wani kafinta Georg Elser ya dasa bam a 1939, Hitler ya gama jawabi da wuri ya fita, minti 13 bayan fitarsa bam ya tashi. An rushe ginin a 1979. Me ya sa duk a gidan giya? Saboda a lokacin nan ne aka fi samun zaure mai cin mutum dubbai, nan ake taron siyasa, nan ake jin labari, nan ake hayar 'yan daba. Mutumin da ya jefa duniya cikin yaƙin da ya ci miliyoyin rayuka a kan teburan nan ya koyi magana.

To tunda na yarda da duk wannan me ya hana ni cewa ku je? Abu biyu.

Na ɗaya addini, kuma ba zan yi kwana-kwana ba. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ba ta bar wata kafa ba, kuma akwai hadisin da ya hana mai imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. Yawon nan kuwa gaba ɗayansa a kan teburin aka gina shi, ɗanɗanon shi ne ajandar, ba wai cin abincin ofis ba ne da wani a can gefe ya yi odar kwalbarsa. Wancan malamai suna da maganganu a kai saboda lalurar zama a ƙasar da ba taka ba, a tambaye su, ni ba malami ba ne. Amma ka sayi tikitin abin da sunansa ma ɗanɗana giya sannan ka ce ai tarihi ka je ji, ɗan'uwa kada mu yaudari kanmu. Na san akwai Hausawa Kirista da ke karanta ni da wasu da wannan hujjar ba ta ɗaure su ba, ku yi haƙuri ku tsallaka zuwa ta biyun, ita ta kowa ce.

Na biyu, yawon nan wanka yake yi wa giya. Ana ba ka labarin 'yan zuhudun coci da suka kafa masana'antun giya na Augustiner a 1328 da Paulaner a 1634, da yadda suke dafa mai kauri lokacin azuminsu su ce burodi ne na ruwa, kowa ya yi dariya. Ana ba ka labarin bikin giya na Oktoberfest da ya samo asali daga auren Yarima Ludwig da Gimbiya Therese a 1810, da yadda mutum wajen miliyan 6 ke zuwa duk shekara, kamfanoni shida na garin kaɗai ke da izinin sayarwa, kofi ɗaya lita guda cur, a 2024 kuɗinsa ya kai wajen yuro 15. Duk an faɗa. Amma babu jagoran da zai tsaya da ku ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito a Janairun 2023 ta ce babu wani adadin barasa da za a kira marar illa, ko ya ce tun 1988 hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta saka barasa a rukunin farko na abubuwan da ke jawo cutar kansa, rukuni ɗaya da taba. Ba zai kai ku tudun da ke bayan rumfunan Oktoberfest ba inda waɗanda suka sha suka yi mankas ke zube suna amai ma'aikatan agaji na kwasarsu a gadon ɗaukar marasa lafiya. Ba laifinsa ba ne, talla aka ɗauke shi yi, kuma mai talla ba ya kushe hajarsa. Ƙasar da yaro ɗan shekara 16 doka ta ba shi damar sayen giya, ka ga kuwa akwai abin faɗa da ba a faɗa.

Su kansu Turawan ba duka suka yarda da harkar ba. A Prag, babban birnin Cek, ƙasar da ta fi kowace shan giya in aka raba da yawan jama'a, hukumar birni ta hana kamfanoni zagayawa da ayarin masu sha daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe tun ƙarshen 2024, saboda mazauna tsohon gari sun gaji da ihu da fitsari a ƙofar gida. Masu shirya yawon Munich za su ce nasu daban ne, nasu na al'ada ne ba na buguwa ba, kuma da ɗan gaskiyarsu, amma ka tsaya ka ga ina ayarin ke nufa bayan jagora ya yi sallama ƙarfe tara. A Jamus ɗin ma shan giya raguwa yake ta yi shekara da shekaru, yanzu bai kai lita 90 ga mutum ɗaya a shekara ba, matasansu da yawa sun koma marar barasa, don haka in ka ce ba ka sha ba wani abin kallo ka zama ba.

Wannan tsoron na a ce ba ka da wayewa shi ne ma ya fi ba ni haushi, don mu muke ɗora wa kanmu. Masu kallon ƙwallo za su tuna hoton 'yan wasan Bayern Munich na 2022, an sa musu gajeren wandon fata na gargajiya kowa ya ɗaga ƙaton gilashin Paulaner, Sadio Mané da Noussair Mazraoui suna ciki suna murmushi hannunsu babu komai. Kamfanin da ke zuba kuɗi a kulob ɗin ne fa, a garin giya, gaban kyamara. Babu wanda ya kore su. Kai da ba ka da kwantiragi da kowa me zai sa ka kama inda-inda? Bajamushe in ka ce masa ba na sha saboda addinina, yawanci cewa zai yi to, ya wuce. Wanda ke rikita su shi ne mai cewa yau dai ba na jin daɗi, gobe ya ce mota zan tuƙa, jibi ya ce magani nake sha, sai su yi ta yi maka tayi tunda ba ka taɓa cewa a'a ba.

Kuma tarihin da nake ta yabo ba a cikin gilashi yake ba, a titi yake, kyauta. Ka tashi daga Marienplatz da rana ka gangara kasuwar Viktualienmarkt, ka bi ta Platzl ka ga ginin Hofbräuhaus daga waje, ka miƙe zuwa Odeonsplatz inda macin 1923 ya ƙare. A bayan wurin akwai wani ɗan lungu Viscardigasse, zamanin Nazi duk wanda ya wuce ta gaban abin tunawa da matattunsu na macin nan dole ya ɗaga hannu ya yi gaisuwar Hitler, sai waɗanda ba sa so suka riƙa zamewa ta lungun nan, yanzu an jera duwatsu masu ruwan tagulla a ƙasa suna nuna sawunsu. Akwai masu jagoran yawon tarihin Nazi zalla babu ɗanɗanon komai, akwai kuma cibiyar adana tarihin Nazi kusa da Königsplatz. In abokan aikinka ne ka damu da su, ce musu ba za ka samu zuwa na Juma'a ba amma ranar Asabar ka gayyace su shan kofi ko cin abinci, ko ka dafa musu dafa-duka, za su zo, suna son gayyata.

Wanda kuma lalura ta kai shi irin wuraren nan, ko wani taron ofis da ba makawa, ga abin da zai kiyaye don sababbin zuwa suna yawan faɗawa. Radler ba lemo ba ne, rabi giya ce rabi lemo. Wadda aka rubuta alkoholfrei a jikinta doka ta yarda ta ƙunshi barasa har kashi 0.5 cikin ɗari, mai 0,0 ita ce aka cire kusan gaba ɗaya, ita ma ɗin wasu malamai ba su sake da ita ba. Spezi kola ce da lemon zaƙi, Apfelschorle ruwan tuffa ne da soda, waɗannan lafiya lau. Wajen abinci kuma kusan duk abin da za a ajiye a teburin alade ne, Schweinshaxe ƙafar alade ce, farin tsiran nan Weißwurst da ake cewa na ɗan maraƙi ne akwai kitsen alade a ciki, Leberkäse ma haka. Har cukun da ake dangwala da burodin Brezn, wanda suke kira Obatzda, gidaje da yawa suna zuba masa 'yar giya wajen kwaɓawa, sai ka tambayi mai kawo abincin kafin ka sa hannu.