Ranar da na yi wanka da giyar alkama a Jamus

Kafin kowa ya fara salati bari in faɗa tun yanzu, ni ba mashayi bane, kuma duk abin da ya same ni rannan kunya ce ta jawo min, irin kunyar nan tamu ta kar ace ka ƙi mutane.

Watana uku kenan a Freising, wani ɗan gari a arewa da Munich, karatun noma ne ya kawo ni. Abin da ba wanda ya gaya min kafin in baro Kano shine garin nan giya ce sana'arsa. A kan tudu akwai Weihenstephan, gidan giyar da suke cewa tun 1040 yake aiki wai duk duniya ba wanda ya girme shi, kuma nan gefensa ake karanta haɗa giya har a ba mutum digiri. Digiri fa jama'a! Ka tura ɗanka jami'a shekara da shekaru ya dawo maka da kwalin burukutu. To maƙwabcina a hostal abin da yake karanta kenan, wani Bajamushe zanƙalele da nake kira Dogo, mutumin kirki wlh, shi ya koya min yadda ake raba shara kala-kala da yadda ake sayen tikitin jirgi. Ranar wata Asabar yace sun gama jarabawa za su zauna a biyagaten, wato lambun shan giya, in zo ko na minti talatin ne. Nace masa ni fa bana sha, yace ya sani, ai akwai wadda aka cire wa barasa, alkoholfrei, har masu gudun fanfalaki ita ake miƙa musu in sun ƙare tsere. Na yi ta zillewa na rasa ta inda zan fita, nace toh.

Matsalar ita ce ranar ina da suna a Munich da yamma, wani Alhaji mutumin Kumasi da ya daɗe a ƙasar aka yi wa jika, duk Hausawan yankin za su haɗu. Don haka na ci farar shaddata sabuwa dal wadda Umma ta sa aka ɗinka min, na kafa hula, na fesa turare, nace in leƙa in gaishe su daga nan in wuce tasha.

Wurin dai ba laifi, dogayen bencina ne a ƙarƙashin manyan bishiyoyi, ƙasa tsakuwa, ga tsofaffi ga mata da yara har da jarirai a keke, wasu ma da abincinsu suka zo daga gida a kwando don wai tun 1812 aka yarje musu hakan. Ni da na zaci zan tarar da irin mashayar bayan gari sai na ga kamar wurin yinin biki. Na je layi na faɗi kalmar da Dogo ya sa na haddace, sau uku na maimaita alkoholfrei har matar ta fara dariya, ta ban kwalba buɗaɗɗiya da wani dogon tambulan mai siririn gindi da faɗin baki, rabin lita yake ci, har da kuɗin ajiya ta karɓa wai sai na dawo da kofin za ta ban abina.

Ina zama Dogo ya buɗe lacca. Wai ita wannan sunanta Hefeweizen, aƙalla rabin hatsin da ake yin ta da shi alkama ce, sauran sha'ir, ba a tace ta shi yasa take da duhu-duhu kamar ruwan gasara, yis ɗin yana kwantawa a gindin kwalba kuma duk daɗin a nan yake, dole sai an girgiza an tashe shi. Ni hankalina na kan agogo, duk cikin bayanin nan kalma ɗaya na kama, a girgiza. Sai kawai na toshe bakin kwalbar da babban yatsa na shiga kaɗa ta sama da ƙasa kamar maganin tarin yara. Na ga idon Dogo ya fito, ya buɗe baki zai yi magana, ni kuma na ɗaga yatsa.

Innalillahi. Ban san kwalba ɗaya tana ɗauke da kumfa mai yawan haka ba. Ta fara da fuskata, ta cire min hula, ta bi wuyan riga ta gangara har aljihu, ragowar ta tsallaka tebur ta sauka a kan wani tsoho mai gajeren wandon fata da gashin baki murɗaɗɗe yana zaman zamansa yana cin biredinsu mai kama da ƙulli. Don rikicewa sai na kifa abin da ya rage cikin tambulan a tsaye yadda muke zuba maltina, nan ma kumfa ta taso ta malalo, ni kuma wai dabara na kai baki in tare, ta shige min hanci. Wurin yayi tsit, sai wani yaro ƙarami da ya nuna ni da yatsa ya fashe da dariya, shikenan kowa ya samu lasisi.

Na miƙe ina ba tsohon nan haƙuri da Jamusancina na wata uku, ina jira ya kira min ƴan sanda. Mutumin ya goge gashin bakinsa a hankali, ya dube ni ya dubi kwalbar ya girgiza kai, ba rigarsa ce ta dame shi ba, yadda na wulaƙanta abin sha ne ya ƙona masa rai. Tashi yayi da kansa ya sayo wata irinta ya dawo ya zauna kusa da ni. Ya sa aka ɗauraye kofin da ruwan sanyi, ya karkatar da shi sosai, ya dinga zubawa a hankali ta jikin gilashin kamar mai zuba man shanu a miya, da ya rage ɗan kaɗan a ƙasa sai ya tsaya, a NAN ne ake juya kwalbar a tashi yis ɗin, ba tun tana cike ba, sannan ya ƙarasa a sama kumfa ta zauna das kamar an naɗa mata rawani. Ya ɗaga nasa yace Prost, kalmar da suke faɗa in za a buga kofi, na kai bakin kofina zan buga ya riƙe min hannu, wai da gindi ake bugawa don saman siriri ne zai fashe, kuma sai ka kalli mutum cikin ido. Ni da aka raina da cewa kallon babba cikin ido rashin kunya ne, ga ni jiƙe sharkaf ina zare wa sa'an kakana ido.

Yace kar in sha tukuna, in shinshina. Na shinshina, wlh ayaba! Ayaba nunanniya sak, a bayanta kuma ƙamshin kanumfari kamar an buɗe kwanon kayan shayi. Nace ayaba nawa kuke matsawa a ciki? Dogo ya kusa faɗowa daga benci, yace ko ɗaya, yis ɗin ne da kansa yake fitar da ƙamshin nan biyu lokacin da yake aiki, in an ƙara masa ɗumi ayabar ta fi fitowa. Kurɓar farko gaskiya ban ji daɗi ba, kamar kunun zaƙin da ya kwana aka zuba masa gas. Ta biyu na ji ɗanɗanon biredi sabon gashi da ɗan tsami-tsami, ɗacin kaɗan ne can ƙarshe. A ta uku na fara gane abin da ya sa mutanen nan suke zama a rana suna lumshe ido, ga sanyi ga laushi a maƙogwaro, ba ta da zaƙin nan na maltina mai sa ƙishirwa.

Tsohon ya samu ɗalibi sai ya shiga tarihi, Dogo na fassara. Wai a 1516 a garin Ingolstadt sarakunan Bavariya, yankin da muke ciki, suka kafa doka cewa ba a yin giya sai da ruwa da sha'ir da hopfen, wani tsiro mai ɗaci da ake nomawa a kan dogayen sanduna nan arewa da mu, alkama kuma a bar wa masu biredi kar abinci yayi tsada. Nace to ita wannan fa? Yace ai doka ta talaka ce, daga 1602 gidan sarautar ne suka riƙe yin ta alkamar su kaɗai suna kwasar kuɗi, sai da kasuwarta ta mutu sannan a 1872 suka sayar wa wani Georg Schneider izinin. Nace a raina ashe ba a kanmu aka fara ba.

Na kusa rabin kofi ina ta gyaɗa kai kamar masani sai idona ya faɗa kan takardar jikin kwalba, ƙananan rubutu, ƙasa da 0,5%. Nace Dogo wannan kuma na mene ne? Yace oh, a dokar nan in dai bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba ana iya rubuta alkoholfrei, wadda babu ko ɗigo ita ce ake rubuta wa 0,0. Yana faɗa hankalinsa kwance, har da ƙarin bayani wai ayaba in ta nuna sosai ita ma tana da ɗan kaɗan. Na ture kofin gefe nace Dogo ayabar gidanku. Ni dai fatawa ba aikina bace, amma tun daga ranar ruwan tuffa da gas nake sha in an fita, in ma an matsa sai na ga sifili biyu da idona.

Lokaci ya ƙure ba halin komawa hostal, haka na shiga jirgin ƙasa na S1 mai zuwa Munich da taswirar Afirka ruwan ɗorawa a ƙirjin farar shadda, na zazzage sauran turaren aljihuna a jiki, ya haɗu da warin yis ya zama wani abu da ba shi da suna. Wata mata ta tashi ta canja kujera. Muna tsakiyar hanya waya ta yi ƙara, ashe Dogo ya ɗauki hotona da tsohon muna buga kofi ya sa a Facebook ya maƙala sunana, kuma Yayata ta riga ta gani. Saƙonta gajere ne, karatun noman kenan? Umma na nan kusa da ni, ka kira yanzu. Ban kira ba, kashe wayar na yi gaba ɗaya.

Na isa gidan suna na raɓe a bakin ƙofa ina fatan in yi barka daga nesa in sulale, sai Alhaji ya hango ni, a'a ɗan Kano, ƙaraso mana! Na durƙusa nace Baba barkanmu da arziki, Allah ya raya. Ya kamo hannuna ya jawo ni kusa, na ga hancinsa ya motsa sau biyu, ya dubi ƙirjin rigata ya daɗe yana kallo. Na fara, Baba wallahi marar barasa ce, zubewa ta yi... Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya sunkuyo saitin kunnena yace, ɗana, girgiza ta ka yi ko?