Kafin ka rubuta Kano ta dā, taka ta da ƙafarka

Kwanakin baya na karanta wani ƙagaggen labari da aka gina a kan shigowar Turawa Kano a 1903. Alƙalamin marubucin yana da zaƙi, ban ajiye littafin ba sai da na ga ƙarshensa. Amma wuri guda ya tsaya mini a rai. Jarumin ya ɗaura sirdi a gindin Dala bayan sallar asuba, kafin hantsi wai har ya kutsa dajin Falgore. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Jos ya san haka ba ta yiwuwa. Ko a mota sai ka kai Kwanar Dangora, ka wuce Tudun Wada, tafiyar sama da kilomita 100, balle mahayin da zai tsaya ya shayar da dabbarsa. Nan na gane mutumin bai taɓa zuwa wurin da yake ba mu labari ba.

Ra'ayina shi ne, wanda zai rubuta labarin tarihi, da wanda ya karanta ya ji daɗinsa, su tashi su je wurin. Gani ya kori ji.

Na gwada da ɗana ranar wata Asabar. Muka hau Dala da sassafe, muna haki kafin mu kai ƙololuwa. Daga can sama ga tsohon birni a shimfiɗe, ga Gwauron Dutse ta yamma, ga hasumiyoyin masallacin Juma'a kusa da Gidan Rumfa. Yaron ya yi shiru, can ya ce, "Baba, ashe daga nan duk wanda ya tunkaro garin sai an hango shi." Shekara nawa yana haddace sunan Barbushe da Tsumburbura a makaranta, sai ranar ya fahimci abin da ya sa mutanen farko suka zauna a gindin dutsen nan.

Daga nan muka gangara Kurmi, kasuwar da ake danganta kafuwarta da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Akwai lungun da jaki biyu da kaya ba za su gifta juna ba, ga warin jima da ƙamshin kayan yaji sun cakuɗe. A marinar Ƙofar Mata muka tarar da wani dattijo zaune a bakin rijiyar rini, hannunsa ya rine har gwiwa, yana tsoma ƙyalle yana ɗagawa domin ya sha iska, launin yana juyawa daga kore zuwa shuɗi a gaban idonmu. Can gefe masu bugu suna sauke tabarya bi da bi kamar kiɗa. Marubucin da ya zauna nan rabin yini ba zai sake cewa "ya sa baƙin rawani" ya wuce ba. Zai san ƙyallin rawanin daga ina ya fito, da gumin wa.

Na san za a ce ai ƙage ne, ba kundin tarihi ba. Haka ne, ban hana kowa ƙirƙirar jarumi da budurwarsa ba. Sai dai matasanmu da yawa daga irin waɗannan littattafai suke fara sanin Yaƙin Basasa na 1893 tsakanin Tukurawa, magoya bayan Sarkin Kano Tukur, da Yusufawa, magoya bayan Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi, ko cewa Sarki Alu yana Sakkwato lokacin da Turawa suka fasa ta Ƙofar Kabuga, ko rasuwar Waziri Ahmadu a Kwatarkwashi. Abin da ya shiga kan yaro ta hanyar labari mai daɗi da wuya ya fita, daidai ne ko kuskure.

Maganar daji kuwa, ba zan ce wa kowa ya faɗa Falgore kai tsaye ba, kowa ya san halin tsaro. Amma ana iya zuwa da rana, a nemi mutanen gari da mafarauta su yi jagora. A ga yadda gamba take shanye mutum da kaka, a bambanta maɗaci da kanya da ɗorawa, a tsaya a bakin kogi. Sai a gane yadda mahara daga Ningi suke ɓullowa kudancin ƙasar Kano a ƙarni na 19 ba a ankara ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wuraren kansu suna tafiya. Badalar da Sarki Gijimasu ya soma tun ƙarni na 12, yau ana ɗibar ƙasarta, an yanka filaye a jikinta, an cike kududdufai an dasa shaguna. Ƙofar Na'isa ta asali an rushe ta a 2010 domin faɗaɗa titi. Ƙungiyoyin marubutanmu da suke taruwa a ɗaki ana karatu ana tafi, me zai hana wata guda su ɗauki taron su kai shi Gidan Makama, wata na gaba kan Dala, wani kuma Takai, inda Yusufawa suka ja daga?

Da muka zo komawa gida ta Kabuga, ɗana ya ce in nuna masa daidai inda Turawan suka shiga. Na tsayar da mota na duba hagu da dama, gada da kwalta da shaguna ne kawai. Sai da muka taka zuwa wajen Dukawuya kafin na sami guntun ganuwar da zan ɗora hannunsa a kai.