Kumburi a karan shuka: a tsaga a duba kafin a sayi maganin feshi

Jama'a, yanzu da noman cikin gida ya yawaita a Zariya, daga Samaru zuwa Tudun Wada har cikin birni, kowa da buhunsa ko bokitinsa na tumatir da attarugu a tsakar gida, akwai wata ɗabi'a da take damuna. Da mutum ya ga kumburi a karan shukarsa, sai ya zarce shagon maganin gona ya ce a ba shi "mai ƙarfi". Mai shago kuwa ciniki ya fito yi. Zai miƙo kwalba, a fesa, kumburin yana nan, kuɗi sun tafi, guba ta hau abin da yara za su ci.

Ni a ganina kumburi alama ce kawai, kuma abubuwan da ke kawo shi sun sha bamban. Wani ma lafiya lau ne.

Ku ɗauki tumatir. Idan ruwa ya yi masa yawa, ko iska ta yi laima kamar ta watan Agusta, sai ƙananan ƙuraje farare su fito a jere a ƙasan kara. Saiwoyi ne ke son fitowa. Tara ƙasa ka rufe wurin, ka rage ban ruwa, ka huda gindin bokitin, shi ke nan. Amma sai ka iske an yi wa wannan feshi har ganye ya ƙone.

Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne ƙullutun da ke fitowa daidai inda kara ya haɗu da ƙasa, ko a mahaɗin aure na itatuwan da aka aura. Da fari yana da laushi, fari-fari, daga baya ya yi tauri ya yi duhu ya tsattsage. Ka sa reza ka yanka, za ka ga nama ne cunkus, babu rami, babu tsutsa. Wannan aikin wata ƙwayar bakteriya ce da ke zaune a ƙasa, Agrobacterium tumefaciens, wadda masana a Amurka suka tabbatar tun 1907 cewa ita ke haddasa shi. Ta rauni take shiga: saran fartanya, yankan wuƙa, cizon ƙwaro. Abin mamakin shi ne, tana cusa wani yanki na ƙwayoyin halittarta cikin na shukar, sai shukar da kanta ta riƙa tara nama ba tsayawa, tana kuma dafa wa baƙuwar abinci. To ko ka kashe bakteriyar, umarnin ya riga ya shiga jiki. Shi ya sa nake cewa duk wanda ya sayar maka da kwalba ya ce za ta warkar da wannan, kuɗinka kawai ya ci.

Maganinsa ba daɗin ji. Ƙaramar shuka a tuge ta da ƙasar gindinta a ƙone, kada a jefa ta cikin taki. Ƙwayar tana iya shekaru a ƙasa, don haka a wurin a shuka masara ko dawa ko gero, su ba ta kama su. Wuƙar da aka yi aiki da ita a tsoma ta a ruwan bilic, kashi 1 cikin kashi 9 na ruwa, kafin a taɓa wata shukar. Wannan na ƙarshen shi ne aka fi rainawa, alhali wuƙa ɗaya tana iya zagaye lambu da cuta kamar askar wanzamin da bai wanke ba.

In kuwa ka tsaga ka ga rami da gari-gari ko tsutsa a kwance, ƙwaro ne. Yanke reshen ka ƙone. Wanda yake cikin kara, feshin da ke sauka a waje da wuya ya same shi.

Akwai kuma laifin tankin feshi. An zuba masa maganin ciyawa irin 2,4-D jiya, yau an ɗauraye sama-sama an zo kan tumatir. Sai ganye ya murɗe, kara ya kumbura ya karkace. Tumatir ba ya jure ko ɗan ragowar wannan magani. A ware tanki na ciyawa daban.

Sannan a riƙa tono ana duba saiwa. Masu noman fadama a bakin Kubanni da Galma sun san wannan: shuka ta yi yaushi da rana alhali ƙasa a jiƙe take, ka tuge ka ga saiwa duk ƙulli-ƙulli. Tsutsotsi ne ƙanana da ido ba ya gani, suna son tumatir, kuɓewa, yalo, kuma rama ce abin marmarinsu. Kada a rikita su da ƙullin saiwar wake da gyaɗa, wanda ke fita in ka murza da yatsa, cikinsa ja-ja, shi taki yake tara wa ƙasa. Ga mai bokiti abin da sauƙi: ya jiƙa ƙasar, ya rufe ta ruf da farar leda a zafin ranar Maris da Afrilu na mako 4 zuwa 6, ko ya canja ta ɗungurungum.

  

Abin da ya fi ba ni takaici, a Zariya muke. Tashar binciken noma ta Samaru tun 1922 take, ita ce ta zama cibiyar binciken aikin gona ta IAR ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ga wata cibiyar, NAERLS, a gefenta, aikinta ke nan kai ilimin noma ga manomi. Daga wasu jihohi ake zuwa neman wannan ilimi, mu kuwa kuɗin keke napep ne tsakaninmu da shi. Ka tuge shukar da saiwarta, ka sa a leda, ka kai wa malamin gona ya gani da idonsa. Hoton waya ba ya nuna abin da ke cikin kara.