Rumfar Baffa a Jega da rumfar goro a Kumasi

Shekara 9 ke nan ina zaune a Kumasi, amma kullum hankalina yana Jega, wajen Baffana. Dillalin albasa ne tun ban san kaina ba. A da, idan kaka ta yi, manoman Aliero da ƙauyukan kewaye rumfarsa suke nufa da buhuna, masu saye daga Kudu kuma a gidansa suke sauka. Da na je gida bara, na tarar da shi zaune shi kaɗai a kan buzunsa, rediyo a gefe, buta a gaba, tabarmar baƙi a naɗe jikin bango.

Ba wanda ya yi faɗa da shi. Abin ya faro ne a farkon 2023, lokacin da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Masu saye suka zo, kuɗinsu yana banki, suka ce za su tura ta waya. Baffa ba shi da asusu, kuma ya rantse ba zai buɗe ba. Albasa ba ta jiran kowa, in ta daɗe a buhu ruɓewa take yi. Manoma suka ɗauke kayansu suka kai wa yaran da shi ya koya wa dillanci, domin su suna da waya da na'urar POS. Wahalar kuɗi ta wuce, amma ƙafa ta riga ta saba da wata rumfar.

Na ce masa, “Baffa, ka bari mu buɗe maka asusu, ni zan tsaya a kan komai.” Ya dube ni ya ce, “Ɗana, kuɗɗin da ban ƙidaya da hannuna ba, ba kuɗɗi na ba.”

Ban raina tsoronsa ba. 'Yan damfara suna nan, suna kira su ce daga banki suke, su kwashe wa mutum guminsa. Akwai ranar da za a tura kuɗi su maƙale, mai saye ya ce ya biya, mai kaya ya ce bai gani ba. Duk wannan gaskiya ne.

Amma a nan Zango akwai wani dattijo mai sayar da goro, sa'an Baffa ne ko ma ya girme shi. Bai yi boko ba. Rawaninsa yana nan, sahun farko ba ya wuce shi, Hausarsa tsantsa duk da cewa a Ghana aka haife shi. Ƙaramar waya gare shi mai madannai, da ita yake karɓar kuɗi ta MoMo, tsarin tura kuɗi ta waya da aka fara a ƙasar tun 2009. Idan saƙo ya shigo, jikansa ya karanta masa, ya ce “Alhamdu lillahi,” ya ɗaure goro a ganye ya miƙa. Rumfarsa ba ta rabuwa da mutane. Me ya ragu a addininsa ko mutuncinsa? Ni dai ban gani ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baffa yana cewa hanyar iyaye ya riƙe. Iyayen nan kuwa fatake ne. Ta Jega da Yawuri ayarin goro yake bi zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, tafiyar watanni da jakuna. Sun yi ciniki da wuri, da Bature ya kawo sule suka karɓa, da mota ta zo suka sauke kaya daga bayan jaki suka loda. Zangon da nake zaune a ciki ma irinsu ne suka kafa shi.

Kuma abin bai tsaya a kasuwa ba. Yanzu labarin haihuwa da rasuwa da ɗaurin aure a danginmu ta WhatsApp yake yawo. Wata ƙanwar Baffa ta kwanta asibiti a Birnin Kebbi, sai bayan kwana 3 ya ji, shi da a da ba a yanke komai sai an zo gabansa. Ya ji ciwo ƙwarai, ya ce an mai da shi bare. Mu ma muna da laifi, ya kamata a tashi yaro takanas ya je ya faɗa masa.

Na saya masa waya irin ta dattijon goro, na ba wani direba ya kai wa ƙanena. Na roƙi ƙanen nawa ya riƙa zama da Baffa bayan la'asar, ya nuna masa madanni ɗaya kawai, na amsa kira. Maganar asusu na bar ta sai na zo da Babbar Sallah.