Giɓin kasafin Saudiyya: wa ake son ya cike shi?

Tun da aka fitar da kasafin kuɗin 2026 da giɓin riyal biliyan 165, magana ɗaya nake ta ji a bakin masu sharhi, har da wasu 'yan'uwanmu a nan Jidda: wai kada kowa ya sa rai a rage harajin VAT yanzu, kuma ai ƙasar da ba ta yankar haraji a albashi ba ta matsa wa kowa ba. Wannan maganar ce ta hana ni yin shiru.

A Janairun 2018 aka fara karɓar daribar nan, wato harajin VAT da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya, kashi 5 cikin ɗari. A Yulin 2020, da korona ta karya farashin mai, aka ninka ta sau uku ta koma kashi 15. A Afrilun 2021 Yarima Muhammad bin Salman ya faɗa a hirar talabijin cewa matakin na ɗan lokaci ne, shekara ɗaya zuwa biyar. Shekara biyar sun cika, fatura, wato rasit ɗin sayayya, ba ta sauya ba.

Duk mai cewa ba a biyan haraji a Saudiyya, ya zo mu shiga kantin unguwa tare. Dattijuwa ta ɗauki shinkafa da mai da madarar jikoki na riyal 100, a ce mata 115, ta tsaya tana tunanin wanne za ta mayar. Attajirin da ya sayi irin kayan shi ma riyal 15 ɗin ya ƙara, alhali mafi yawan dukiyarsa na ajiye, dariba ba ta ganinta. Ita kuwa duk abin da ya shigo hannunta a ciki yake ƙarewa, don haka a kan kowane riyal nata ake yanka. Wannan ba haraji ba ne?

Ɗan ƙasa yana da Hisabul Muwaɗin, tallafin kuɗi na gwamnati da ke rage masa zafi tun Disambar 2017. Baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, ba ya ciki, ko da a Makka aka yanke masa cibiya. A kansa kuma ga kuɗin iyali da baƙo ke biya wa matarsa da 'ya'yansa, wanda ya faro daga riyal 100 a wata kan kowane mutum a 2017, ya kai 400 a 2020. Wani maƙwabcina mai mata da 'ya'ya huɗu riyal 24,000 ake nema a wurinsa duk shekara kafin ya sayi burodi. Bara ya mayar da su Kano. Yaran Larabci ya fi zama a bakinsu, ranar tafiya ƙaramar ta riƙe ƙofar gida ta ƙi saki.

Masu cewa a rage ma'aikata da tallafi sun manta an riga an yi, don a 2020 aka soke alawus ɗin tsadar rayuwa na riyal 1,000. Masu cewa a ci gaba da cin bashi kuwa, 'ya'yanmu suke tura wa.

Kuɗin yana inda ba a son taɓawa. Filayen da manya suka killace cikin birane suna jiran su yi tsada, an ɗaga harajinsu daga kashi 2.5 zuwa har kashi 10 a 2025, to a karɓa da gaske, ba sani ba sabo. Birni mai tsawon kilomita 170 da gwamnati ta tsara ginawa a yankin NEOM zai iya jira. Ministan kuɗi Muhammad al-Jadaan ya fara da cire dariba daga shinkafa da gari da madara, sannan a sassauta kuɗin iyali ga waɗanda aka haifa a ƙasar nan.